Ranar da Gulbin Dankure Ya Ƙafe

Laure ce ta fara ganinsa, kuma da wata ce ba ita ba, da maganar ta mutu a bayan gida. Ta shanya gumin shinkafa a tsakar gidanta da hantsi, ta shiga ɗaki ta fito, sai ta tarar ruwa ya biyo ta ƙarƙashin katanga ya jiƙe mata rabin shanya. Damina kuwa ta daɗe da naɗe tabarmarta. Laure ta ja mayafi ta bi sawun ruwan kamar mai bin ɓarawon akuya, matan layi na biye da ita don kada a ba su labari, har bayan gidan maƙwabcinta Abdulƙudus.

Can suka iske mahaifinsa, Baba Dankure, kwance ruf da ciki bisa ƙaton goransa na kamun kifi, daga shi sai gajeren wando, a tsakiyar tafkin siminti wanda ko ruwan da kaza za ta kurɓa babu a ciki. Idanunsa a rufe, bakinsa ɗauke da murmushi. Hannuwansa na tuƙi a iska a hankali, ƙafafunsa na bugun ruwan da tuni ya ƙaura gidan Laure. Abin da ya faru ba wani abu ba ne. Sanyin ɗari ya fara leƙowa, tsohon ya zare tsumman da ke toshe bututun tafkin don ya rage ruwa kaɗan, kamar yadda yake yi kowace shekara, ya hau gora ya ce bari ya jira cikin ɗumin rana. Rana ta gasa masa baya, ruwa na lilo da shi, barci ya sace shi. Ruwan ya yi ta sauka da shi sannu-sannu har ya ajiye shi ƙasa yadda uwa ke sauke goyo, bai ko motsa ba.

Dariyar matan ce ta tashe shi. Ya buɗe ido ya ga ƙafafu jere bisa kansa, ya duba ƙasa ya ga siminti. Bai yi saurin rufe jiki ba, don ya san an riga an gani. Ya dai tambayi Laure ko a garinsu ba a yin sallama kafin a shigo gulbi. Kafin la'asar labari ya kai bakin kasuwa, kowane baki kuma ya ƙara masa gishiri. Akwai wanda ya rantse har homa, ragar kamun kifi, ya gani a hannun tsohon yana kamun ƙuda da ita.

Unguwa ta yi dariyar wandon. Shi kuwa ba wandon ya dame shi ba. Ramin da ya bushe ne, don ya san abin da bushewarsa za ta jawo.

Dankure mutumin Argungu ne, gidansu na bakin gulbi, inda in ruwa ya cika sai a ɗaure jirgi a turken akuya. Uwarsa takan ce ya iya iyo kafin ya iya tafiya, kuma duk wanda ya ga tafiyarsa a tudu zai yarda, don har ya tsufa yana taka ƙasa kamar bai gama amincewa da ita ba. Aikinsa ɗaya ne tun tasowarsa: ya kifa ciki bisa gora, homa a kowane hannu, ya bi ruwa. In ya ji motsi a ƙarƙashi sai ya saki goran ya nutse, ya daɗe har na bakin gaɓa su fara salati, sa'an nan ya ɓullo can nesa, kifi na marinsa a ƙirji. Matarsa Kulsumi ita ke banda, hayaƙin kifi ya zauna a zannuwanta har ya zama turarenta. Da wannan goran da wannan hayaƙin aka yi wa Abdulƙudus karatu, har ya zama mai zuwa ofis da takalmi sau-ciki a Birnin Kebbi.

Sai gwiwoyi suka ce sun gaji. Sanyin ruwan shekara da shekaru ya taru a cikinsu, ya zama in ya durƙusa sai an kama shi yake tashi. Abdulƙudus ya zo da mota ya kwashe iyayensa da tukwanensu da tabarminsu. Homa aka bar wa dangi. Goran ne kawai tsohon ya rungume bisa cinya tun daga Argungu har unguwar Nasarawa, ya ce ko a tafi da su tare ko a bar su tare.

Shekarar farko a birni Dankure ya zama kamar kifin da aka manta a kwando. Yakan zauna ƙofar gida yana kallon 'yan kabu-kabu, ba ya ce wa kowa komai. In iska ta juyo daga fadamar Zauro da warin laka da ɗanyar shinkafa, sai ka ga hancinsa ya ɗaga kamar na ɗan maraƙi. An kai shi asibiti, aka ce lafiyarsa lau in ban da gwiwa. Kulsumi ce ta gane ciwon, ranar da ta same shi ya tsoma ƙafafu cikin bahon wankinta ya rufe ido.

A bayan gidan akwai wani rami da magina suka bari, inda suke tara ruwan jiƙa bulo. Tsohon ya sa masa ido. Ya samo magini aka faɗaɗa shi, aka zurfafa gefe guda, aka shafe da siminti, aka sa bututu a gindi. Faɗinsa bai fi ɗaki ba, zurfinsa iya ƙirji. Abdulƙudus, don ya faranta masa rai, ya ce a shafa shuɗin fenti irin na otal. Dankure ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin shuɗin ruwa ba sai a marina, a bar masa abinsa da launin kunu. 'Yan unguwa suka sa wa wurin suna Gulbin Dankure don tsokana, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Har doka ya kafa. Ba a shiga da sabulu, ba a tofa yawu, kuma wanda ya kira wurin rami a gabansa, ranar ko gaisuwarsa ba zai amsa ba.

Wanda bai gan shi cikin ruwan nan ba bai san shi ba. A tudu tsoho ne mai sanda, mai nishi kafin ya zauna da bayan ya zauna. Da ya kifa bisa gora sai gwiwoyin su manta da shi. Ya lumshe ido, katangar bulo ta ja da baya, ta yi ta ja har ta zama gaɓa mai nisa inda shanu ke gangarowa shan ruwa. Zogalen Ɗayyaba, matar ɗansa, ya zama inuwar giyayya. Tantabarun maƙwabta su koma belbelu. Injin niƙan bakin layi ya zama jirgi mai inji da ya wuce zuwa Augie, har yakan jira igiyar ruwansa ta iso ta ɗaga shi. Wani lokaci yakan ji muryar ubansa daga wancan ƙetare tana kiransa da sunan yaranta, sunan da yanzu babu mai rai da ya sani. Tuƙi kaɗan ya isa ya kai shi bango, amma shi a ransa yakan yi tafiyar wuni bai taɓa komai ba.

Abdulƙudus bai taɓa son tafkin ba. A fili yana cewa sauro, da sanyi, da maganar likita. 'Yan layi kuma sun lura faɗin wurin daidai yake da ɗakin baƙin da ya daɗe yana zancen ginawa. Amma ɗa ba ya zubar da ruwan ubansa da hannunsa. Sai suka yi magana irin ta maza: muddin akwai ruwa a ciki ba mai taɓawa, ranar da ya bushe kuwa ƙasar gida ce, za a cike.

Shi ya sa Dankure bai taɓa yashe tafkin gaba ɗaya ba. In ɗari ya gabato yana da tsarinsa. Ya rage ruwan kamar taƙi guda, ya tsame ganye da rariya, ya jera gwangwala a bisa, ya shimfiɗa zana, ya bar 'yar kafa ta gabas don ruwan ya riƙa ganin fitowar rana. Daga ƙarshe ya kafa sanda a gefe ya ɗaura mata ƙullin ciyawa, yadda ya ga manyansu na yi in sun rufe gurbin kifi a gulbi sun hana kamu don kifi ya huta. Daga ranar ko shi ba ya shiga. Sai dai da safe ya jawo kujera ya zauna lulluɓe da bargo, yana kallon tururi na fitowa ta kafofin zana, ya ce ruwan ne ke numfashi. Haka za su zauna, shi da ruwan, kowa cikin mayafinsa, har bazara ta zo ta buɗe su.

Ranar abin kunyar nan, labari ya tarbi Abdulƙudus tun a hanya. Ya zo ya tsaya bakin ramin ya daɗe, bai yi dariya ba. Ya ce da a ce goran ne ya juye da mai barci, ba ruwan ne ya tsiyaye ba, da yanzu wani zancen ake yi a gidan. Ya tuna wa uban maganarsu, murya ƙasa-ƙasa, ya ce zai yi wa mai tifa magana ya kawo ƙasa. Sa'an nan ya zare makullin injin rijiya ya sa aljihu. Dankure ya bi makullin da ido. Maganar da bakinsa ya yi ta, barcin kuma da idonsa.

Kulsumi ta ce masa ya haƙura, kowane gulbi da ranar janyewarsa. Amma da safe ya tarar an yayyaga tsofaffin zannuwanta sili-sili an ajiye masa a bakin rami. Ta san mijinta.

Shi masunci, in jirgi ya hau tudu ba zama yake ya yi tagumi ba, dubawa yake. Tun da aka cika tafkin bai taɓa ganin gindinsa ba. Ya sauka da ƙyar, da baya-baya, ya kankare gansakuka da sakaina, ya bi bango yana ƙwanƙwasawa, kunne manne da siminti, yana sauraren inda ya amsa da inda ya yi shiru. Ya sami tsaga siririya kamar gashi, ya sami 'yan'uwanta. Da magini ne da siminti zai cike. Dankure ya yi abin da ya sani: ya cusa tsumma da bayan wuƙa, ya narka kwalta a gwangwani ya bi ya shafe, yadda ake toshe cikin jirgi kafin a mayar da shi ruwa. Masu leƙe ta katanga suna ta yi masa sannu da gyaran abin da za a binne. Laure ta ce ko amarya ba a yi mata wannan kwalliyar.

Da ya gama ya hau ya duba, sai ya ga baƙaƙen layukan sun yi rassa a ƙasan tafkin. Babba ya lanƙwasa, ƙanana sun rabu da shi sun sake komowa. Ya ƙura musu ido. Ga kwanar da ke gaban gidansu. Ga mashigin da Kulsumi ke wanke kifi tana budurwa, tana yi kamar ba ta gan shi ba. Ga gurbi mai zurfi inda giwan ruwa ya taɓa jan shi ƙasa har ya ga wani duhu mai sanyi da bai sake ganin irinsa ba. Ba shi ya zana ba. Simintin ne ya tsage haka, ko kuwa idonsa ne.

Washegari bayan sallar asuba ya ɗauki jarkokin aro ya hau motar Argungu, ba wanda ya sani sai Kulsumi. Makullin inji na aljihun ɗansa, amma gulbi ba shi da makulli. Tamba, abokin kamun kifinsa tun suna yawo tsirara, shi ya ɗauke shi a jirgi. Ruwa ya fara janyewa ya bar laka mai sheƙi a gaɓa, masu albasa sun soma gyaran fadama, sauran tururin safiya na kwance bisa gulbi bai gama tashi ba. Dankure ya sa hannu a ruwa ya bar shi yana ja. Da suka kai tsakiya ya fara cika jarka.

"Wai kai, gulbin za ka kwashe da jarka?" in ji Tamba. "Gaya min in aika gida kada su jira mu, don munka kama aikin da ba ya ƙarewa."

"Mai nono ba saniya taka zubawa cikin ƙwarya ba," in ji Dankure. "Ɗan tsami kaɗan aka ɗigawa, ƙwarya duk ta kama."

Ya tumɓuko bado da lakarsa, Tamba ya jefa masa 'yan karfasa a bokiti. Da za su rabu Tamba ya ce in an cike ramin ya dawo gida, akwai inuwa a bakin gaɓa da ta ishe tsofaffi biyu. Dankure ya ce ya ji. Amma ya duba ƙarfin ruwan ya duba gwiwoyinsa, ya san zama bakin gulbin da ba ka iya shiga ya fi zama nesa da shi ciwo.

Da ya dawo, ruwan da ya cika bayan keke-napep tun daga tasha, da aka juye shi a tafki sai ya zama abin tausayi. Ya malala ya taru a gefe mai zurfi, iya idon sawu. Amma launinsa na kunu ne, warinsa na gida. Tsohon ya dasa badon a kusurwa, ya saki kifin, ya jera gwangwala ya rufe rabi da zana, ya kafa sandarsa da ƙullin ciyawa. Abdulƙudus ya leƙa da yamma ya ga aikin, ya girgiza kai. Ya ce wa uwarsa wannan ba ruwa ba ne, wayo ne, kuma tifa na nan zuwa.

Ta kuwa zo, ranar Asabar da hantsi, ta juye jar ƙasa a ƙofar gida, leburori suka kama shebur. Ƙasar nan har yau tana inda aka juye ta. Awakin layi sun mayar da ita dutsen hawa, ciyawa ta fito mata a ka. Baro ɗaya ne ya shiga gidan, kuma da ƙasarsa ya fito.

Mai baron ya turo har bakin tafki ya tsaya cak. A ɓangaren da ba a rufe ba, Baba Dankure na zaune tsakiyar ruwan bisa kujerar tsakar gida ta Kulsumi, sanye da farar rigarsa ta Juma'a, ya naɗe wando zuwa gwiwa. 'Yan kifin na kewaya ƙafafunsa suna taɓa shi da baki. Sanyi na hawa ƙashinsa, yana ji, bai nuna ba. Idonsa na kan ganyen bado guda da ya buɗe ya kwanta bisa ruwa kamar can ya tsiro. Katanga ta cika da kawuna. Kulsumi na bakin madafi riƙe da ludayi, Ɗayyaba ta laɓe bayanta.

Aka kira Abdulƙudus. Ya zo ya tsugunna a bakin tafkin, ya miƙa hannu.

"Baba, don Allah kamo hannuna ka hau. Ɗari na shiga jikinka. Wanga ruwa ko alwala bai isa ba, ga mutane kuma tsaye suna jiran su zuba ƙasa."

Dankure ya ɗago a hankali kamar wanda aka kira daga nesa. Ya dubi baron, ya dubi shebur, sa'an nan ya dubi ɗansa.

"To su zuba mana, Ƙudusu. Dama ko ba yau ba kai za ka zuba min ita. Ga rami an gina, ga ni na yi wanka na sa fari. Liman kaɗai ya rage, aika a kira shi."